Mako na Ashirin da Bakwai

Wasiƙar ta iso ran Talata,
dusar ƙanƙara ta jiƙa mata gefe.
Na buɗe ta a tsaye,
buta na tafasa a bayana.
Suka ce: kuɗin jinya ya ƙare.
Mako ashirin da shida aka ba ki, kin cinye.

Ni na cinye?
Likita ne ya sa hannu a watan Yuni
cewa Baba ba zai ga hunturu ba.
Ofis ya auna masa sauran kwanaki
kamar mai awon alkama, ba gyara.
Shi kuwa Veikko,
da ya yi shekara talatin da ɗaya
a rumbunan hatsi na tashar Thunder Bay,
bai taɓa ajiye aiki don an kaɗa ƙararrawa ba.
Ga Disamba, ga shi nan,
yana neman ƙarin sukari a shayi.

Ba zan ɓoye ba.
A daren nan na zauna da takardun wuta da na magani,
na haɗa, na raba, na sake haɗawa,
sai na ji zuciyata ta fara wani lissafi
wanda ba a faɗa.
Na tashi da gudu zuwa ɗakinsa,
na sa kunne a ƙirjinsa.
Yana nan. Yana minshari.
Allah ya yafe mini.

Sai miya ta ƙare ake sanin maci tuwo.
Ƙanena Ilmari ya bugo daga Calgary,
shawararsa ta fi kuɗinsa nauyi.
Ya ce akwai gidajen tsofaffi.
Na ce akwai, akwai kuma layi.
Wata a coci ta ce in yi haƙuri,
na karɓa, na gode,
amma kamfanin wuta ba ya karɓar haƙuri.

Na koma gidan burodi, aikin dare,
ƙarfe goma zuwa huɗu.
Ghislaine ta maƙwabta,
wadda muka yi shekara shida ba ma ga maciji
saboda reshen bishiya da ya faɗa mata a shinge,
ita ke zuwa da sakarta ta zauna masa.
Ba ta taɓa tada zancen reshen ba.
Ina biyan ta da burodi mai zafi
da share mata ƙanƙarar ƙofa.

Na sayar da motarsa, tsohuwar akori-kura.
Mai sayen ya taya kamar yana yi mini alfarma.
Na ɓoye makulli ɗaya ban ba shi ba.
Kowace safiya Baba na tambaya,
ta tashi kuwa, da wannan sanyi?
Sai in ce, bugu ɗaya.
In sa masa makullin a tafin hannu,
ya damƙe, ya koma barci.

Turanci ya zube masa kaf.
Harshen uwarsa ya rage, na Finlan,
wanda na ƙi koyo ina yarinya.
Yanzu ina tsintarsa kalma-kalma
kamar tsabar da ta zube a ƙasa:
ruwa, zafi, juya ni, kar ki tafi.
Wani lokaci yakan kira ni da sunan Mama,
in amsa.

Bayana ya fara ƙorafi.
Nakan yi barci a tsaye ina jiran bas,
fulawa a ƙarƙashin farce,
tafki ya daskare har inda ido ya tsaya.
Na cika wani fom ɗin, na uku ke nan,
sun ce in jira amsa bayan sabuwar shekara.

Kalandar kicin tana nan da jajayen layuka
ashirin da shida, na gwamnati.
Na sayi shuɗin biro.
Na ja na ashirin da bakwai da kaina,
na ja na takwas, na ja na tara.
Jiya ina yi masa aski
ya kama wuyan hannuna ya ce,
Raija, kin ci abinci?
Da sunana ya kira ni.
Na ce tukuna.
Ya ɗaga haɓa, na ci gaba da askin.